Yadda ake ɗaukar hoton yaro a kan dandamali idan zauren taro ba wadataccen haske

A Kaduna yawancin bukukuwan yara a cikin ɗaki ake yin su: walimar sauka a Islamiyyun Tudun Wada da Rigasa da Kawo, musabaƙa, ranar ba da kyaututtuka a ƙarshen zangon Yuli, wasan kwaikwayo da rawar gargajiya na 'yan firamare. Wata makarantar ta haɗe aji biyu ta jera kujerun roba, wata ta kama zaure a gari, masu hali har su kai ga zauren Gidan Arewa ko na Umaru Musa 'Yar'adua da ke Dandalin Murtala. Ko ina ne, mutum yana zaune yana ganin ɗansa sarai, amma ya duba hoton da ya ɗauka ya tarar fuska ta yi dishi-dishi, hannu ya zama inuwa. Dalili kuwa ido yana sabawa da ƙarancin haske, kyamara ba ta sabawa. Hasken zauren da dogayen ƙwayaye ke haskawa daga silin ya gaza hasken tsakar gida da hantsi sau ɗaruruwa.

Idan haske ya yi ƙaranci, hanya uku kyamara take da ita. Ko ta bar shota, wato murfin da ke buɗewa haske ya shiga, a buɗe na tsawon lokaci, ko ta faɗaɗa ƙofar gilashinta, ko ta ɗaga ISO, wato ta ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi. Lamarin kamar tarar ruwa ne a famfon da ke zuwa kaɗan-kaɗan: ko ka daɗe a tsaye, ko a ƙara buɗe famfon, ko ka haƙura da abin da ka tara. Kyamarar da aka bari ta yi wa kanta zaɓi takan ɗauki hanyar daɗewa, ta sauko da shota zuwa 1/30 ko 1/15 na sakan. Bango da labule ba su damu ba, don ba sa motsi. Yaro kuwa a cikin wannan ɗan lokaci ya juya kai, ya ɗaga hannu, ya buɗe baki. Saboda haka saurin shota shi ake fara tsayarwa, sauran biyun su biyo baya. Hoton da ya yi yashi-yashi saboda ISO mai yawa ana gyara shi a kwamfuta ko a waya, kuma idan aka wanke shi a takarda da ƙyar a lura. Wanda motsi ya ɓata ba shi da magani.

Saurin da ake buƙata ya danganta da abin da yaron ke yi. Mai karatu a zaune da allo ko a gaban makirfo, 1/125 ya ishe shi, sai dai mai rangaji da kai yayin tilawa, shi a ba shi 1/200. Mai tafiya zuwa karɓar kyauta, ko 'yan wasan kwaikwayo, 1/250. Rawa, tsalle, fareti ko wasan taekwondo, 1/500, kuma ko a nan tafin hannu da bakin zani za su iya ɗan yin hazo. Wannan ba laifi ba ne muddin fuska ta fito tas, yakan ma nuna cewa motsi ake yi. Kada a ruɗu da na'urar hana girgiza da ake rubuta wa IS ko VR ko OSS a jikin gilashi. Rawar hannunka take gyarawa, ba ta tsayar da yaron da ke juyi.

Gilashin da ya fi dacewa

Gilashin da ke zuwa da yawancin kyamarori, 18-55mm, yana buɗewa zuwa f/3.5 idan ba a jawo hoto ba, amma da an murɗa shi zuwa 55mm sai ƙofar ta tsuke zuwa f/5.6. Lambar f ce ke nuna faɗin ƙofar, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Dogayen gilasai masu araha irin 55-250mm da 70-300mm su ma a ƙarshensu f/5.6 ne ko f/6.3. Wato duk jawowar da ka yi daga bayan zaure da haske kake biyan ta.

Ga lissafi a aikace. A ce a wani zaure kyamara ta nuna 1/30, f/5.6, ISO 1600. Kana son 1/250. Daga 30 zuwa 60, zuwa 125, zuwa 250, mataki uku ke nan, kuma kowane mataki rabin haske yake ci. Da wannan gilashin sai ka ninka ISO sau uku a jere: 3200, 6400, 12800. A tsohuwar kyamara hoton zai yi muni. Amma da a ce gilashin 50mm f/1.8 ne, sai ka buɗe shi daga f/5.6 zuwa f/4, zuwa f/2.8, zuwa f/2, matakai ukun sun dawo, ka ɗauki hoto a 1/250, f/2, ISO 1600. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 bambancin haske ya kusa ninki goma. Wannan gilashi yana cikin mafi araha a wajen Canon da Nikon da Sony, kuma wanda ke da 'yan kuɗi a hannu gara ya saye shi da ya sake sabuwar kyamara. Masu Nikon jerin D3000 da D5000 su kula: tsohon 50mm f/1.8D ba ya yin fokas da kansa a kan waɗannan kyamarori domin ba su da motar juya shi, AF-S 50mm f/1.8G ake nema. Idan na hannu za a saya, a haska tocila ta cikinsa a duba ko akwai zare-zaren fumfuna ko hazo.

A ƙananan kyamarori irin waɗannan na Nikon, 50mm yana kama faɗin kusan mita 3.7 da tsayin mita biyu da rabi daga nisan mita takwas. Ke nan daga mita shida zuwa takwas yaro zai shiga gaba ɗaya, kai zuwa ƙafa, har da na kusa da shi. Tsadar buɗe ƙofa ita ce yankin da ke fita tas yana raguwa. A f/1.8 daga nisan mita biyar bai kai mita ɗaya ba, kusan santimita 70 ne. Ga yaro guda ya wadatar. Ga ɗalibai sahu uku da suka jeru da shahadarsu, sai an koma f/4 ko f/5.6, a sauko da shota zuwa 1/100 tunda a tsaye suke.

ISO kuwa, kada a ji tsoronsa. Tsofaffin kyamarori irin Canon 600D da Nikon D3100 suna jure 1600, a matse 3200. Na baya-bayan nan suna kai 6400 lafiya, manya masu cikakken firam, wato masu faffaɗan wurin karɓar haske a ciki, har 12800. Hoton da aka ɗauka a ISO 1600 ya yi duhu aka zo aka haska shi daga baya yakan fi yashi a fuska fiye da wanda aka ba shi 3200 tun farko.

Farin kaya da fuska

Nan ne hoton sauka da na musabaƙa ke lalacewa, ko da shota ta yi daidai. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani ruwan toka matsakaici. Idan firam ya cika da fararen hijabai da fararen kaftani, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Farin ya koma toka-toka, fuskokin yaran su nutse har ba a gane ido da hanci. Idan kuma labule mai duhu ne a baya, fitila guda na haska yaro, sai ya yi akasin haka: ya ƙara haske har farar riga ta ƙone, zayyanar allo ta ɓace.

Magani shi ne kada ka bar wa kyamara wannan hukunci. Juya ta zuwa M, inda kai ne ke saita komai da hannu. Sa shota da ƙofa kamar yadda aka faɗa, sannan tun kafin ɗanka ya hau, ka yi gwaji a kan wani yaro mai irin kayansa a daidai wurin da zai tsaya. Kunna gargaɗin ƙonewar haske, wanda ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allon kyamara. Ɗaga ISO kaɗan-kaɗan har farin kaya ya fara ƙyaftawa, sai ka koma baya danni ɗaya. A nan fuska ta sami iyakar hasken da za ta samu ba tare da an rasa ninkin tufa ba. Muddin fitilun zauren ba su canza ba, ba sai ka sake taɓawa ba. In ka fi son barin ISO ya yi wa kansa, to yi amfani da maɓallin +/-: ga fararen kaya +2/3 zuwa +1, ga baƙin labule da fitila guda -1. Kada ka yarda da hasken allon kyamara a cikin duhu, yana nuna hoto ya fi yadda yake haske. Rage shi, hakan ma zai hutar da na bayanka.

Akwai zaurukan da tagogi ko buɗaɗɗiyar ƙofa ke bayan dandamali. Da rana duk wanda ya tsaya a gabansu inuwa zai zama. Koma gefe yadda bango zai zama bayan yaron, hasken tagar ya faɗo masa a kunci. In ba hali, ka sami mai kula da zauren tun da wuri: "Malam, don Allah ko za a saki labulen bayan nan, a kunna fitilun gaba duka?" Yawanci ba wanda ya taɓa roƙonsa haka, kuma ba ya ƙi.

Launi da ƙyaftawar lantarki

Wutar Najeriya 50 take juyawa a sakan, don haka dogon ƙwai da wasu fitilun LED masu araha suna ƙyaftawa sau 100 a sakan. Ido ba ya gani. Shotar da ta fi 1/100 sauri tana gani: hoto ɗaya ya fito da haske, na biye ya yi duhu ko ya yi kore, alhali ba ka taɓa komai ba. Idan kuma ka sa shota marar ƙara, mai aiki da lantarki zalla, sai ratsi-ratsi su bayyana a kwance. Ga yaron da ba ya motsi sosai, 1/100 yana kawar da matsalar. Ga mai rawa ba za ka iya sauka haka ba, sai ka kunna saitin hana ƙyaftawa in kyamararka na da shi, ka koma shotar asali mai ƙara, ka kuma ɗauki da yawa don ka zaɓa. Idan an ɗauke wuta aka tada janareta, sake gwaji daga farko. Sau da yawa ba duk fitilun ake ɗora wa inji ba, kuma juyin wutarsa ba lallai ya tsaya a 50 cif ba.

Launi ma a tsayar da shi da hannu, da lambar K da ke auna launin haske: kusan 3200K ga ƙwai mai ruwan ɗorawa, 4000K ga dogon ƙwai, 5500K zuwa 6500K ga farin LED. A zauren da aka gauraya su da hasken taga babu lambar da za ta gamsar da duka, sai ka bi wadda ta fi haska fuskar yaron. Ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana da amfani a nan fiye da ko'ina, domin launi ana gyara shi daga baya ba tare da asara ba. Fitilun ado masu ja da shuɗi da shunayya da ake hayowa tare da mai kiɗa su ne mafi wuya, suna shafe fata ta zama launi guda. Jira zagayen ya dawo kan fari kafin ka danna. Wanda ya kama a ja, mayar da shi baƙi da fari.

Filasha

Kashe ta. Ƙaramar filashar kan kyamara a ISO 100 da f/5.6 iyakarta kusan mita biyu, a ISO 400 mita huɗu, ta waya ba ta kai haka ba. Haske kuma idan nisa ya ninka biyu kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, saboda haka abin da za ta haska huluna ne da ɗankwalayen sahun gabanka, dandamali ya ƙara duhu. Ga shi tana rikita yaro mai karatu da ka, ya rasa ayar da yake kai. Haka ma ƙaramar fitilar taimakon fokas da ƙarar "tit-tit", a kashe su a menu. Inda filasha ke da rana shi ne bayan an tashi, hoton iyali daga mita biyu zuwa uku, musamman babba mai juya kai da za a harba ta farin silin da bai wuce mita huɗu ba. A zaure mai dogon rufin kwano ko silin mai launi, harbawa sama ɓarnar batir ne.

Wurin zama

Wurin zama yana gyara abin da kuɗi ba sa gyarawa. Tambayi yaron tun a gida ta wane gefe zai hau, a sahu na nawa zai tsaya. Sahun farko yawanci na manyan baƙi ne, kuma ba shi ne mafi kyau ba, domin daga gindin dandamali ƙasan haɓa da ramin hanci za ka ɗauka. Nemi kujerar bakin hanya a sahu na biyu zuwa na huɗu, ɗan gefe. Daga tsakiya makirfo da sandarsa suna rufe baki, daga gefe kuwa fuska ta fito gaba ɗaya. A tarukan da aka raba ɓangaren maza da na mata, a duba wanne ya fi fuskantar yaron, kyamara ta tafi hannun wanda ke can, uwa ce ko uba. In makaranta na yin gwajin ƙarshe da kayan wasa kwana guda kafin biki, nemi izini ka je. Ba taro, ba mai tare maka gaba, kana iya matsawa yadda kake so.

Fokas a sa shi mai bin motsi, AF-C a Nikon da Sony, AI Servo a Canon, da ɗigo guda a kan fuska. Idan ka bar kyamara ta zaɓa, makirfo ko yaron gaba za ta kama. Fokas mai gane ido yana aiki da yaro ɗaya, amma cikin yara ashirin masu kaya iri ɗaya tsalle-tsalle yake yi. In fokas ya riƙa kai da komo saboda duhu, ɗora ɗigon inda fari ya haɗu da duhu, kamar bakin hijabi ko wuyan riga. Manne gwiwar hannu a ƙirji, ko ka dogara da bayan kujera. Sanda mai ƙafa ɗaya ta fi mai ƙafa uku a cunkoso. Kowane motsi yana da inda yake ɗan tsayawa: ƙololuwar tsalle, ƙarshen juyi, lokacin da hannu biyu suka haɗu a kan kyauta, ko numfashin da mai karatu ke ja a ƙarshen aya ya ɗago kai. A nan ake danna uku ko huɗu a jere, na tsakiya yakan fi fita.

Mai waya

Yawancin iyaye da waya za su ɗauka, kuma dokar ba ta canza ba, sai dai kusanci ya fi muhimmanci. Fara da goge gilashin da ƙyalle mai laushi, maiƙon yatsa ne ke sa fitilu yin wutsiya a hoto. Tsaya a kan 1x, shi ne babban gilashi mai ƙofa mafi faɗi. Ja da yatsu biyu yanka hoton kawai yake yi ya hura shi, gara ka ɗauka da faɗi ka yanke daga baya. Yanayin dare da ake rubuta wa Night a kashe shi idan yaro na motsi, domin hotuna da yawa yake tarawa na sakan ɗaya ko fiye ya haɗe su, mai motsi ya fito da fuska biyu. Yana da amfani ga ɗaliban da suka jeru suka natsu. Gyaran fuska na atomatik ma a kashe, a ƙarancin haske yana shafe fatar yaro ya sauya masa launi.

Danna fuskar yaron a allo ka riƙe har ta kulle, sannan ka ja alamar rana sama ko ƙasa har fari ya daina ƙonewa. Wayoyin Android da yawa, har da na Samsung da Tecno da Infinix, suna da sashen Pro inda za ka sa shota 1/100 ko 1/125 da ISO 800 zuwa 1600 da hannunka. Danna da maɓallin ƙarar murya ya fi taɓa allo rage girgiza. Don ɗauka a jere, a sabbin iPhone ana jan maɓallin ɗauka zuwa hagu, a Samsung ana jan shi ƙasa. Wata dabara ita ce bidiyon 4K, kowane firam nasa ya haura megafiksel 8, sai a zare wanda yaron ya tsaya cak. Idan bidiyo na ƙyaftawa, nemi 25 ko 50 a sakan maimakon 30 ko 60, su ne suka dace da wutarmu.

Cika batir tun dare, a tafi da na biyu, a kuma bar sarari a memori. Jawaban manyan baƙi sukan daɗe, kada a ƙarar da caji a kansu kafin yara su fito. A watannin hunturu, Disamba da Janairu, kada a sauya gilashi a cikin zauren da fanka ke kaɗa ƙura, kuma a hure ƙurar kafin a goge don kada ta karce.

Sauran 'ya'yan mutane za su shiga hotonka. Kafin ka ɗora a Facebook ko a sitatus, yanke su ko ka tambayi iyayensu, musamman 'yan mata da suka fara tasawa. Makaranta da mai hoton kuɗi abin ya fi hawa kansu, domin dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora amincewa a madadin yaro a hannun iyaye ko waliyyi.

Wajen gyara, fara da launi, sannan ka ɗaga inuwa kaɗan don fuska, ka rage fari don ninkin tufa ya dawo. Rage yashi da sauƙi, in ya yi yawa fata ta koma kamar roba. Manhajar gyaran hoto ta Lightroom ta sami mai goge yashi na zamani a 2023, Snapseed kuma kyauta ne a waya. Idan za a aika wa mai wanke hoto ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil ba a matsayin hoto ba, in ba haka ba manhajar za ta matse shi. Hoto mai inci 5 da 7 fiksel 1500 da 2100 kawai yake buƙata, don haka ko wanda aka yanke rabinsa yana wankuwa lafiya.